Injin wanki a motar tafi-da-gidanka: tambayoyin matafiyan Kumasi da amsoshinsu

Motar kwana irin ta Turawa, wadda ake ɗaura wa ɗaki a baya ana ja, ba ta yi yawa a Ghana ba. Amma masu rayuwa a kan hanya suna da yawa a zangonninmu. Akwai wanda ya kai Sprinter ko Urvan ɗinsa Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, aka cire kujerun baya aka shimfiɗa katako da katifa. Akwai direban babbar mota da ke ɗauko kaya daga Tema ya ratsa Kumasi zuwa Paga da Wagadugu, da masu wa'azi da ke zaga ƙauyuka, da masu sayen doya da kaɗanya da ke share makonni a arewa, da iyalin da ke tafiya gida Bawku ko Yendi da yara ƙanana. Dukansu wanki na damunsu, kuma tun da ƙananan injinan wanki suka fara bayyana a shagunan Adum, tambayoyin da ake yi a Aboabo da Asawase kusan iri ɗaya ne. Na tattaro su nan. Tun farko zan faɗi inda na tsaya: yawancin mutane wuta suke tsoro, alhali ruwa ne zai yanke maka hukuncin ko injin nan zai amfane ka ko zai zame maka kaya.

Malam, abin nan ya cancanci kuɗinsa kuwa, ko dai bokiti da hannu sun wadatar?

In kai kaɗai ne kuma tafiyar ba ta wuce kwana uku ko huɗu ba, bar kuɗinka a aljihu. Ka tara kayanka a leda ka dawo da su gida, ko ka ba mai wanki da guga a Tamale. Injin yana fara biyan kuɗinsa ne idan mutanen motar sun kai uku zuwa sama, ko akwai jariri, ko tafiyar ta makonni ce.

Kuma abin da zai fi yi maka daɗi a jikinsa ba wankin ba ne, matsar ce. Hannun mace da ta saba wanki ya fi ƙaramin inji fitar da dattin wuyan riga, wannan ba gardama. Amma babu hannun da zai matse wandon jins ko tawul yadda tukunyar matsa ke yi. Kayan da aka matse da inji suna fitowa da ɗan danshi kawai, su bushe kafin ka gama cin abinci da salla. Ga mai son tashi da asuba ya kama hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Iri nawa ne, kuma wanne zan saya?

Za ka ga wanda ake juyawa da hannu ko a taka da ƙafa, ba ruwansa da wuta. Yana da kyau ga mutum ɗaya ko biyu, sai dai yana cin ƙarfi. Za ka ga ɗan ƙarami mai siffar bokiti da ake naɗewa, wanda ake ta tallarsa a Facebook da TikTok. Wannan na safa da singileti da kayan jarirai ne, kada wani ya ruɗe ka cewa zai wanke jallabiya. Akwai kuma mai sarrafa kansa, wanda ke jan ruwa ya wanke ya ɗauraye ya matse ba tare da ka taɓa shi ba. Shi yana son famfo mai ƙarfi a haɗe da shi, yana shan ruwa yadda ya ga dama, kuma allon lantarkinsa ba ya son girgizar hanya.

Wanda nake ba da shawara shi ne mai tukunya biyu: ɗaya ta wanki, ɗaya ta matsa, da maɓallan murɗawa a sama. Ƙananan da aka yi don matafiya sukan ɗauki kilo uku zuwa huɗu na busassun kaya, nauyinsu kuma bai fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗaga ba. Kai ke zuba masa ruwa da bokiti, kai ke cewa ya zubar ko ya riƙe. Wannan ikon a kan ruwa shi ne dalilin da na fifita shi. Ga shi kuma cikinsa ba wani sirri: moto biyu, bel, kapasita da agogon murɗawa, abubuwan da duk mai gyaran fanka ya sani.

To ruwa nawa yake sha?

Nan ne maganar take. Cika ɗaya ta ƙaramin mai tukunya biyu takan ci lita 20 zuwa 25, wato kusan jarka ɗaya cikin rawayen nan da ake kira galan Kufuor. Idan ka yi yadda ake yi a gida, wanki ɗaya da ɗauraya biyu, ka kashe jarka uku a kan kaya kilo uku. Kowace litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka uku kilo 75 ne a bayan motarka, nauyin ƙato guda da bai biya kuɗin mota ba, ga man da yake ƙara sha. Wanda ya ce zai yi da fiya wata, ya lissafa: jaka ɗaya ƙulli 30 ne na rabin lita, lita 15 ke nan, ko cika ɗaya ba ta kai ba.

Dabarar ita ce kada ruwa ya yi aiki ɗaya ya tafi. Ka kasa kayan kashi uku tun kafin ka taɓa jarka. Farare su fara shiga. In agogo ya tsaya, ka tsamo su ka jefa a tukunyar matsa, amma kada ka zubar da ruwan wankin. Ka sa bakin tiyon a bokiti ka tari ruwan kumfar da matsar ke fitarwa, ka mayar da shi. Sai masu launi su shiga ruwan nan, bayansu baƙaƙe da wanduna. A nan ne za ka zubar, ka zuba sabo don ɗauraya, ka sake bi da su a jere ɗaya: farare, masu launi, baƙaƙe. Da yake ka matse kumfar kafin ɗauraya, sau da yawa ɗauraya ɗaya ta isa. Ruwan ɗaurayar ƙarshe kuma bai lalace ba, ka adana shi a jarka don wankin gaba, ko goge mota, ko ban ɗaki. Ta haka jarka biyu zuwa uku za su wanke kayan iyali duka, ba kashi ɗaya ba.

Amma gaskiyar magana, wanda ya fi kowa dabara shi ne wanda ba ya ɗaukar ruwan wanki kwata-kwata. Ruwan sha da alwala da girki su ne haƙƙin tankinka. Wanki a yi shi inda ruwa yake. Kumasi na shan ruwan Barekese da Owabi, ga rijiyoyi a gidaje, don haka ka fita da komai wankakke. Tamale kuwa, duk da matatar Dalun, an san unguwanninta da ƙarancin ruwa, musamman da rani, kuma ba kyau baƙo ya zo ya tare famfo da jarka biyar mata na layi tun asuba. Ka tsara ranar wankinka ta faɗo a masaukin da ke da burtsatse da tanki, ka yi ciniki da mai wurin tun kafin ka sauke inji.

Yaya ruwan rafi ko na kogi? Ai muna wuce Buipe da Yapei.

Kogin da ke Buipe da wanda ke Yapei, Baƙin Volta da Farin Volta ke nan, ruwansu kan yi ja da damina. In dole ta sa, ka ɗiba da yamma ka bar shi ya kwana a jarka laka ta kwanta, da safe ka tsiyaye na sama ta cikin tsumma mai tsabta. Yashi yana shiga ƙarƙashin faifan da ke juya kaya ya cinye robar da ke tare ruwa. Kada kuma ka shiga cikin ruwan da ƙafa don ɗiba, ballantana yara, domin tsargiya ta yi kaurin suna a yankin tafkin Volta. Ka jefa guga daga gaɓa.

Kogunan da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta ɓata, irin su Offin da Pra, ka bar su baki ɗaya. Ruwan burtsatse ma wani yana da ƙarfe a ciki: za ka gan shi garau, in ya jima a bokiti ya koma ruwan ɗorawa. Irin wannan yana rina farar riga, kuma bilic ƙara kama tabon yake yi, ba cirewa ba.

Batirin mota zai iya ɗaukarsa?

Zai iya, in an bi hanya. Injin yana son wutar gida, wadda a Ghana bolt 230 ce, batirin ƙaramar mota kuwa bolt 12, na manyan motoci 24. Inbata ce ke shiga tsakani, wato na'urar da ke mayar da wutar batiri irin ta gida. Ka duba takardar da ke manne a bayan injin. A ce ta nuna wat 250 na wanki da 150 na matsa. Wanki na minti 15, ɗauraya ta minti 5, matsa sau biyu na minti biyar-biyar, in ka haɗa da abin da inbatar kanta ke ci, bai wuce kamar amp 10 na awa guda daga batiri mai bolt 12 ba. Batiri mai amp 100 irin na ruwa, wanda ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, zai yi maka wajen zubi biyar. Faifan sola mai wat 100 kuma zai mayar da fiye da abin da zubi biyu suka ci a yini mai rana, in dai kana goge masa ƙurar hunturu. Ka ga wutar ba ta kai yadda ake tsoronta ba, saboda waɗannan injinan ba sa dafa ruwa.

Inda ake samun matsala uku ne. Na farko, moto yana fizgar wuta ninki biyu ko uku a lokacin tashi, kuma na wanki yana tsayawa ya juya baya kowane 'yan daƙiƙu, wato kullum cikin tashi yake. Don haka inbata mai wat 300 za ta yi ta kuka tana ɗaukewa. Ka nemi mai wat 800 zuwa 1000, kuma mai ba da wuta sumul irin ta gida, wadda masu shago ke kira fiyo sain. Mai arahar nan tana sa moto gurnani da zafi. Na biyu, kada ka soka inbatar a ramin kunna sigari. Ramin nan amp 10 zuwa 15 aka yi shi ya ɗauka, injin kuwa zai ja sama da 20. A haɗa ta kai tsaye da batiri da waya mai kauri, gajera, da fis kusa da kan batirin. Na uku, kada ka yi wanki da batirin da ke tayar da mota alhali inji na kashe, sai ka gama shanya ka murɗa makulli ka ji shiru a dajin Fufulso. Ko dai a sa maka batiri na biyu, ko ka bar mota na aiki a fili inda hayaƙi ba zai taru ba. Masu wayarin mota a Magazine sun san aikin raba batiri biyu, ka zauna da masta ka gaya masa abin da za ka ɗora a kai.

In na samu soket a masauki ko gidan mai fa?

Ya fi sauƙi, amma ka nemi izini ka kuma biya, domin mitar kati ce a yawancin wurare, ta kamfanin wuta na ECG a kudu, ta kamfanin NEDCo daga Techiman zuwa sama. Wayar da za ka ja ta zama mai baki uku da ke da layin ƙasa, mahaɗarta kuma a rataye, kada ta kwanta inda ruwa ke gudu. Ka sa silifas na roba, kada ka tsoma hannu a tukunya inji na haɗe da wuta. In aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ka zare fulogi har ta dawo ta zauna. Ƙaramin janareto ma yana ɗaukarsa ba wahala.

Yayana ya aiko min da ɗaya daga Amurka. In soka kawai?

A'a, Hajiya, dakata. Na Amurka bolt 110 zuwa 120 ne, kina soka shi a wutarmu zai ƙone nan take. Sai da taransfoma mai rage wuta, mai ƙarfin da ya ninka na injin. Na Ingila da sauran ƙasashen Turai wutarsu ɗaya da tamu, na Ingila ma har fulogin ya dace da soket ɗinmu.

Malam, kayan da najasa ta taɓa fa, tunda ka ce a maimaita ruwa?

Wannan tambaya ta fi ta batiri muhimmanci, kuma ita ce iyakar dabarar da na kawo a sama. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, ruwa tsantsa wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba shi ke kawar da hukuncin najasa. Ruwan da omo ya riga ya sauya ba ya cikin wannan. Saboda haka wandon yaro da ya yi fitsari, ko zanen da jini ya taɓa, kada su shiga tukunya tare da jallabiyar salla. A fara ware su, a kwarara wa wurin ruwa mai tsarki da buta har najasar ta fita ruwan ya rabu da tufar garau, sannan su shiga layin wanki. Buta ɗaya ko biyu ta isa, ba asarar ruwa ba ce. Ɗaurayar ƙarshe ta kayan salla kuma a yi ta da sabon ruwa. Mai jariri ya fi masa sauƙi ya ware bokiti guda na kayan jaririn kaɗai. Inda wani abu ya shige maka duhu, limamin unguwarku ya fi kusa da kai.

Wane sabulu ya fi?

Garin sabulu irin su Omo da So Klin, amma rabin abin da hannunka ya saba ɗiba. Kumfa mai yawa ba ita ce tsabta ba, ruwan ɗauraya kawai take cinye maka. Ka narkar da garin a kofi kafin ka zuba, domin ruwan sanyi ba ya narkar da shi da wuri, sai ya bar fari-fari a baƙaƙen kaya. Sabulun Key na sanda aikinsa daban: a goga shi a wuyan riga da hammata da bakin hannu, a ɗan cuɗa, kafin a jefa. Jar ƙasar hanyar ƙauye kuwa, a bari ta bushe a kakkaɓe ta sosai tukuna. In ta jiƙe a cikin tukunya, kowace riga sai ta samu rabonta.

Akwai abin da bai kamata ya shiga ba?

Batakari, rigar gargajiya ta arewacin Ghana, saƙar hannu ce, tana da nauyi in ta sha ruwa, rininta yana zuba, kuma juyin inji na buɗe ɗinkin ƙyallayenta. A wanke ta da hannu. Haka shadda mai aiki da babbar riga, a bar wa masu wanki da bugu. Bargo da dardumar salla mai kauri sun fi ƙarfin moton. Atamfa ba laifi, in dai an juya ta ciki waje kuma ba sabuwa ba ce mai zuba. Mayafi da ɗankwali marasa kauri a sa su a rigar filo a ɗaure bakinta, don kada su nannaɗe.

Direbobi da yaran mota, ku ji wannan da kyau: rigar da fetur ya jiƙa ba ta shiga inji. Tururinsa na kamawa da ɗan tartsatsin moto ko na agogo. A shanya ta a iska har warin ya tafi, a wanke a bokiti. Mai baƙin mai da giris ma bokitinta daban, in ba haka ba tukunyar za ta riƙe maiƙon ta shafa wa fararen da za su biyo baya.

A lalube aljihu kowane lokaci. Kwabo ɗaya ko ƙusa na iya tsayar da faifan juyi.

Ina zan zubar da ruwan dattin?

Wannan yana ci min rai, domin a nan ne matafiyi ke ɓata sunan na bayansa. Mutanen gari sun ba ka wuri ka tsaya, ka tashi ka bar musu taɓo mai kumfa a ƙofar masallaci ko a gefen mai sayar da koko. Gobe wani ya zo neman wuri a hana shi. Ruwan wanki yana da sabulu da maiƙo, in ya kwanta yana wari yana tara sauro. Ka tare shi a jarka ko bokiti, ka tambayi mai wurin inda suke zubar da nasu. In a daji ne, ka yi nisa da rafi da rijiya da burtsatse, ka watsa shi a busasshiyar ƙasa mai faɗi ya tsotse, kada ka tara shi a rami ɗaya. Kada ya shiga gonar mutane, mai bilic musamman. A wurare irin su gandun dajin Mole, ko bakin tafkin Bosomtwe da ƙauyuka ke kewaye da shi suna kamun kifi, ka tambayi ma'aikata ko masu masauki kafin ka kunna inji ma.

Shanya fa, a kan hanya?

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kaya na bushewa kafin ka juya, sai dai ƙura. Ka shanya a gefen motar da iska ba ta bugowa, ka kwashe da zarar sun bushe. Da damina a Kumasi da kewayenta kuwa iska na da laima, kaya na iya yini ba su bushe ba. A nan ka ƙara matsa sau ɗaya, ka ɗaura igiya ƙarƙashin rumfar tamfol. Kada ka kwana da jiƙaƙƙun kaya a cikin mota tagogi a rufe, katifa da katako za su yi fumfuna.

Kada a baza kaya a ƙasa ko kan ciyawa. Akwai wani ƙuda a yankinmu da ke yin ƙwai a ƙasa da tufafi masu laima, musamman masu warin fitsari ko gumi da aka shanya a inuwa. Tsutsar na shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan baki a tsakiya, yara sun fi kamuwa. Igiya a tsakiyar rana da guga mai zafi su ne maganinsa. Dutsen guga na lantarki yana cin wat 1000 zuwa sama, ya fi injin wankin nesa, don haka na gawayi ya fi dacewa da mota.

Nawa yana ta rawa yana buga jikinsa in yana matsa. Ya lalace ne?

Da wuya. Ko ƙasar ba daidai take ba, ko kayan sun taru gefe guda. Ka ɗora shi a kan falankin katako, ka jera kayan a tukunyar matsa masu nauyi a ƙasa, ka danna su, ka rufe da faifan robar nan da ya zo da shi. Mutane na yar da faifan suna zaton kwali ne, alhali shi ke hana safa tsalle ta faɗa tsakanin tukunya da bango. Kada ka sa hannu sai ta tsaya cak.

In ruwa ne ya ƙi fita, tuna yawancinsu ba su da famfon turawa, gangara kawai ruwan ke bi. Dole bakin tiyo ya kasance ƙasa da gindin inji. Shi ya sa ya fi kyau injin ya zauna a bakin ƙofar mota ko kan benci, jarka a ƙasa.

Yaya zan ɗaure shi in za mu tashi?

A tsaye, ba a kwance ba, domin tukunyar matsa a kan sifirin take zaune. Ka tsiyaye ruwan duka, ka goge, ka cusa tawul ko filo a kewayen tukunyar matsa don kada ta yi ta dukan bango a ramukan hanya. Ka ɗaure shi da bel a jikin mota, kusa da tsakiya ba can wutsiya ba inda tsalle ya fi yawa. Tukunyar wankin kuma ba a barinta fanko, nan ne ma'ajiyar kayan datti da sabulu da igiya. Kada a bar shi a rana kullum, robar na ƙeƙashewa ta tsage.

In na hannu zan saya, me zan duba?

Kada ka yarda da gwajin da babu ruwa. Ka sa a cika tukunyar, a jefa tawul biyu, a kunna. Faifan ya juya dama ya juya hagu da ƙarfi ɗaya. In yana gurnani sai an tura shi da hannu kafin ya tashi, kapasita ce ta mutu, gyaranta ba tsada, sai a rage maka kuɗi. Ka leƙa ƙarƙashi da tocila bayan minti goma: ɗigon ruwa a kan moton matsa alama ce robar da ke tare ruwa ta tafi, kuma moton na gab da binta, wannan ka bar shi. Ka ɗaga murfin matsa tana gudu ka ga ko birki ya kama. Ka murɗa agogo ka saurari tafiyarsa har ya dawo sifili da kansa. Sannan ka auna faɗinsa da tsayinsa da igiya, ka je ka gwada a ƙofar motarka da gurbin da ka tanadar masa kafin ka biya.